Ƙaramar Kwamfuta Mai Araha Da Kishiyoyinta

Laccar da aka gabatar a zauren muhawara na ƙungiyar ɗalibai





Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu a kan wani al'amari da ke ta da ƙura a ɗakunan kwananmu da ɗakunan gwaje-gwaje, watau batun 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ake kira Raspberry Pi, musamman samfurinta na biyar, da kuma sauran na'urorin da ke kishi da ita a kasuwa. Ɗalibai dai sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ga maganin talaucinmu ya zo, kwamfuta sukutum a kan kuɗin da bai kai na waya mai kyau ba. Wasu kuwa na cewa abin wasan yara ne, Turawa suka ƙera wa 'ya'yansu. A namu ganin duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin da farashi suka fara, alhali kuwa tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, wane aiki ake so na'urar ta yi?

Maganar nan tana da nauyi. A cikinmu akwai ɗalibin shekarar ƙarshe wanda kuɗin aikin bincikensa sai da aka sayar da hatsi ko tunkiya a gida kafin a haɗa masa, kuma in ya yi kuskuren saye sau ɗaya ba shi da na sakewa. A cikinmu kuma akwai ƙaramin ma'aikaci wanda gobe za a ce ya rubuta takardar shawara a kan na'urorin da za a saya wa makarantu, kuma sa hannunsa na iya zama sanadin amfanin yara dubu ko asarar dukiyar jama'a. Saboda waɗannan biyu muka tsaya a nan.

Da farko bari mu bayyana abin da ake magana a kai. Kwamfutar da muka saba gani akwati ce mai sassa da yawa a ciki, kowane da mazauninsa. Ita kuwa wannan an tattara ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta da kafofinta duka a kan faifai ɗaya, irin wanda masu gyaran waya ke kira fanel, tsawonsa milimita 85, faɗinsa 56, watau kamar katin banki. Asalinta daga Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila ne. A wajen shekarar 2006 wani malami mai suna Eben Upton da abokan aikinsa suka lura cewa masu neman karatun ilmin kwamfuta suna raguwa, kuma waɗanda ke zuwa ba su kai na da gwaninta ba. Da suka bi diddigi sai suka ga cewa yaran shekarun 1980 sun tashi ne da na'urori irin su BBC Micro ta 1981, wadda da ka kunna ta sai ta tsaya tana jiran ka rubuta mata umarni, amma yaran baya sun tashi da na'urori masu tsada waɗanda iyaye ba sa yarda a buɗe su ko a yi musu karambani. Sai suka ƙudura niyyar ƙera wadda yaro zai iya lalatawa ba tare da an yi kuka a gida ba.

Ran 29 ga Fabrairu, 1912 ba a san da ita ba, amma ran 29 ga Fabrairu, 2012 ta shiga kasuwa a kan dala 35, kuma kashin farko da aka ƙera guda 10,000 ne kacal. Kafin shekarar 2024, lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan, an sayar da fiye da miliyan 60. Abin lura a nan shi ne, bisa bayanin da kamfanin ya fitar a wannan shekara, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da yake sayarwa masana'antu ne ke saye su sa a cikin injunansu. Ashe ke nan masu cewa abin wasan yara ne ba su da hujja.

To, shi samfuri na biyar an sanar da shi a watan Satumba na 2023, ya shiga kasuwa a Oktoba. Ƙwaƙwalwarsa mai sassa huɗu ce, kuma kamfanin ya ce saurinsa ya ninka na samfuri na huɗu sau biyu zuwa uku. Da ya fito, mai ma'adanar aiki gigabait 4 dala 60 ne, mai 8 kuwa dala 80. A 2024 aka fito da mai 2 a kan dala 50, a Janairun 2025 kuma mai 16 a kan dala 120. An sa masa maɓallin kunnawa da kashewa, wanda na baya ba su da shi, da kafar da za a jona ma'adana mai sauri, da kuma agogo na ciki wanda in an sa masa ɗan batir ba ya mance lokaci. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai a wurinmu, domin samfurorin baya in aka kashe su kuma babu intanet, sai su farka ba su san ranar da ake ciki ba. Lalle na'ura ce mai kyau, ba ma musun wannan.

Sai dai Bahaushe ya ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Farashin nan da ake ta yayatawa na faifan ne tsirara. Ba ya zuwa da allon kallo, ba madannai, ba linzami, ba katin memori, ba ko wayar da za a jona shi da talabijin. Cajar da kamfanin ya tanadar masa, mai wat 27, dala 12 ce sa'ad da ta fito, fankar sanyaya shi dala 5, akwatinsa dala 10. Kun ga dala 60 ta zama 87 tun ba a taɓo maganar allo ba. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun yi lissafi ne da gidan Ingila, inda akwai talabijin a falo da tsofaffin madannai a jibge a sito. Ɗalibin da ke kwana a ɗaki mai mutum shida ba shi da ko ɗaya daga ciki, dole sai ya saya.

Daɗin daɗawa, ga maganar Naira. A 2012 dala ɗaya tana wajen Naira 160, saboda haka dala 35 ba ta wuce Naira 5,600 ba. Bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500. A wannan lissafi dala 87 ta kai wajen Naira 130,000, ban da kuɗin dako, da na kwastan, da ribar ɗan kasuwa. Bugu da ƙari, a watan Disamba na 2025 kamfanin ya ƙara farashin samfurori da dama saboda tsadar ma'adanar aiki a kasuwar duniya. Abin da yake araha a Kambirij yana iya zama kuɗin abincin zangon karatu guda a Zariya.

Akwai kuma abubuwa biyu da masu tallan ba sa faɗa, domin ba su dame su ba. Na farko wutar lantarki. Na'urar nan ba ta da batir, kuma duk abin da ta mallaka a kan katin memori yake. In aka ɗauke wuta daidai lokacin da take rubutu a kan katin, yana iya lalacewa, aikin wata uku ya bi ruwa. Na biyu zafi. In ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80 sai ta fara rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, fanka ta zama wajibi, ita kuma fankar ƙurar hunturu na jiranta. Duk wanda zai saya, to, ya sa kuɗin batir da na akwati mai kare ƙura a cikin lissafinsa tun farko.

Yanzu sai mu juya ga kishiyoyin, waɗanda muka kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne 'yan'uwanta masu faifai ɗaya, galibinsu ƙirar ƙasar Sin, irin su Orange Pi da Banana Pi da Radxa, sai Odroid ta Koriya ta Kudu da BeagleBone ta Amurka. Alal misali Orange Pi 5, wadda ta fito a ƙarshen 2022, ƙwaƙwalwarta mai sassa takwas ce, kuma a wasu ayyukan ta fi Raspberry Pi 5 gudu. Ba za a mance ba kuma cewa tsakanin 2021 da 2023, sa'ad da kayan lantarki suka yi ƙaranci a duniya har Raspberry Pi ta yi wuyar samu 'yan kasuwa suka riƙa ninka kuɗinta, waɗannan kishiyoyi ne suka rufa wa mutane da yawa asiri. Amma fa ƙarfe rabin kwamfuta ne, ɗaya rabin manhaja ce. Babbar manhajar Raspberry Pi, wadda aka gina a kan Debian ta dangin Linux, kamfanin ne da kansa ke kula da ita, ga littattafai, ga dubban mutane da suka riga ka faɗa ramin da za ka faɗa suka kuma rubuta yadda suka fita. Da yawa daga kishiyoyin kuwa bayaninsu kaɗan ne, kuma masu amfani da su kan dogara ga 'yan sa-kai irin masu aikin Armbian. Misalin abin kamar babura biyu ne, ɗaya ya fi gudu amma babu kayan gyaransa a garin, ɗaya kuwa kowane makaniki a bakin titi ya san cikinsa. Gwani na iya hawan na farko. Ɗan koyo mai wa'adin miƙa aiki ya nemi na biyu.

Kashi na biyu su ne 'yan ƙananan na'urorin sarrafawa, waɗanda ba su kai a kira su cikakkiyar kwamfuta ba. Daga cikinsu akwai Arduino, wadda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, da ESP32 ta kamfanin Espressif na Shanghai, wadda ta fito a 2016 da hanyar sadarwa marar waya a jikinta, da kuma Pico, wadda shi kansa kamfanin Raspberry Pi ya fitar a Janairun 2021 a kan dala 4. Waɗannan ba su da babbar manhaja, umarni ɗaya ake loda musu su yi ta maimaitawa. Da wuta ta dawo sun ci gaba da aiki nan take, babu katin da zai lalace, kuma ɗan batir ya ishe su. Mu duba irin ayyukan da ɗalibanmu na injiniya da na aikin gona ke zaɓa: na'urar da za ta kashe famfo in tanki ya cika, ko wadda za ta riƙe ɗumin akwatin ƙyanƙyasa a wajen digiri 37 da rabi har kwana 21, ko wadda za ta auna damshin ƙasa a lambu ta saki ruwa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya bukatar cikakkiyar kwamfuta. Sayen Raspberry Pi 5 don irin wannan aiki tamkar ɗauko tirela ne a kai buhu ɗaya kasuwa. Ɗan hakin da aka raina, shi ne a nan ya fi dacewa.

Kashi na uku, wanda masu sha'awar sabon abu ba sa son ji, ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ake samu a kasuwannin kayan lantarki na Kano da Kaduna da Ikeja. Ta zo da allonta, da madannanta, da batirinta, watau abubuwa ukun da suka fi cin kuɗi a wancan lissafi. Haka kuma yawancin manhajojin zane na injiniyoyi da na lissafin kuɗi da ake koyarwa a sassanmu an rubuta su ne don Windows da ƙwaƙwalwa irin ta Intel, ba sa aiki kai tsaye a kan Raspberry Pi, wadda ƙwaƙwalwarta ta dangin Arm ce. Har ila yau, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwamfutoci masu yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba lafiyarsu ƙalau, in aka sa musu Linux za su yi shekaru suna aiki. Ba mu ce babu haɗari ba. Batir na iya zama matacce, allo na iya ɓoye aibi, saboda haka kada a yi cinikin biri a sama, a tafi da wanda ya sani, a kunna, a gwada, kana a biya. Amma ga wanda bukatarsa ita ce ya buga rubutu, ya karanta littattafai, ya koyi rubuta manhaja da Python, mu dai ba mu ga abin da ya fi wannan ba. Ko Raspberry Pi 400 ta 2020 da 500 ta 2024, waɗanda aka sa su a cikin madannai, ba su zo da allo ko batir ba.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata kuwa, akwai darasi a tarihi na kusa. A Janairun 2005 Farfesa Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ta Amurka ya shelanta a garin Davos cewa za a ƙera kwamfutar dala 100 a ba kowane yaro a ƙasashe masu tasowa. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis tare da Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan. Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fara gwajin, a wata makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007. Farashin bai taɓa sauka dala 100 ba, ya tsaya kusan ninki biyu. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon yaran a lissafi da karatu ba. Niyyar tana da kyau, na'urar ma ba laifi. Abin da aka raina shi ne horar da malami, da wutar caji, da mai gyara. Duk wanda zai rubuta takardar sayen na'ura mai araha, ko wace iri ce, ya tuna da wannan.

To, ashe Raspberry Pi ba ta da wurin zama a wajenmu ke nan? Tana da shi, kuma babba. A gefen faifan akwai 'yan allurai 40 waɗanda ta nan kwamfutar ke taɓa duniya, ta kunna fitila, ta juya inji, ta karɓi bayani daga ma'auni. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta da irinsu. Idan aiki ya haɗa da kyamara da tantance hoto, ko tara bayanai masu yawa, ko hidima ga mutane da yawa a lokaci ɗaya, ya fi ƙarfin Pico da Arduino, nan ne fagen Raspberry Pi. Kuma wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan fitila ɗaya na zamani ba, saboda haka ƙaramin faifan sola da batir sun riƙe ta. Alal misali, akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix wadda ke ɗauke da kundin Wikipedia, har da na Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. In aka loda ta a Raspberry Pi guda ɗaya aka ajiye a makarantar ƙauye ko asibitin karkara, duk mai waya a kusa zai iya shiga ya karanta ba tare da sayen data ba. Irin wannan aiki ma samfuri na huɗu na 2019 ya ishe shi, wani ƙaramin aikin kuwa ko Zero 2 W, wadda ta fito a 2021 a kan dala 15, ta wadatar. Ba dole sai sabo ba.

Mun san akwai masu cewa, duk wannan kayan waje ne, yaushe za mu ƙera namu? Tambaya ce ta kishin ƙasa, kuma muna girmama ta. Amma mu sani cewa ko Raspberry Pi, wadda ake harhaɗa yawancinta a masana'antar Sony ta Pencoed a yankin Wales, ƙwayoyin lantarkin da kamfanin ya zana da kansa a Taiwan ake ƙera masa su. Ba a fara gini daga rufi. Abin da ke hannunmu yau shi ne mu iya rubuta manhajar, mu iya gyara, mu ƙera akwatin da ya dace da ƙurarmu da na'urar da za ta kare katin in an ɗauke wuta, mu kuma rubuta littafin koyo da Hausa, da ƙa da ɗa da ɓa a wurarensu, wanda yaron sakandare a Gumel ko Maraɗi zai karanta ya gane. Wannan aiki babu Baturen da zai yi mana shi.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta ko ɗaya, ya fara da ta hannu mai lafiya. Mai aikin sarrafa famfo ko auna zafi, ya nemi Pico ko ESP32, ya adana sauran kuɗinsa. Wanda aikinsa ya kai ga Raspberry Pi, ya rubuta duk abin da zai haɗa da ita a takarda kafin ya biya ko kwabo, kuma ya riƙa ajiye kwafin katinsa a wani wuri. Ma'aikacin da aka ce ya ba da shawara, ya nemi amsar wa zai koyar, wa zai gyara, ina wuta, ya kuma roƙi a fara gwaji a makaranta ɗaya ko biyu kafin a saya wa jiha. Ita kuwa wannan ƙungiya tamu, muna kira gare ta da ta ware wani abu daga kuɗin da muke biya ta sayi 'yan kaɗan daga kowane iri, a ajiye a ɗaki ɗaya mai sola, a buɗe rajistar aro kamar ta laburare, domin ɗalibi ya gwada kafin ya saya, wanda ba shi da hali kuma kada rashin kuɗi ya hana shi koyo. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shugaban taro, wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Muna sauraron gyara daga malamanmu da tambayoyi daga 'yan'uwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa mu amfanar da jama'armu da shi, amin.